Yunwar da Na Sha a Zanzibar

Sallama gare ku, 'yan uwa masu bibiyata a wannan shafi. Na ga saƙonninku sun taru, har da na wata baiwar Allah da ta rubuto cewa, "Anti Zaituna, ke kam kin more, a zamanin da ko Kaduna ba a kai amarya, ke tsakiyar teku aka kai ki." Na yi dariya har na ƙware. Ƙanwata, gyara zama ki ji irin morewar da na yi.

Ga wanda yau ne farkon shigowarsa, sunana Zaituna, Bafulatana ce ni, 'yar garin Fulatan ta ƙasar Rogo. A shekarar 1994 aka ɗaura min aure da wani malamin gona ɗan Karaye. Har yau bakina bai iya furta sunansa ba, amma tunda yatsa ne ke rubutu ba harshe ba, sunansa Ƙasimu. Ni na zaɓe shi da kaina, tun ranar da ya zo duba gonar gyaɗar mahaifina babur ɗinsa ya kafe a taɓo, ya tsaya yana ba babur ɗin haƙuri. Dangi kuwa Jibo suka so min, ɗan baffana mai garke guda. Mahaifina ya ce a bar yarinya da wanda take so, kowa ya haƙura. Kowa ban da Goggo, yayar mahaifina, wadda ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata.

Ranar da za a kai ni, ina lulluɓe ina sheshsheka, Goggo ta kori ƙawayena daga ɗaki ta riƙo haɓata.

"Zaituna, kin ƙi naki kin ɗauko Kaɗo. Na ji, Allah ya ba da zaman lafiya. Amma abu ɗaya nake roƙonki, kada ki kuskura ya ga bakinki yana motsi da abinci. Ni da marigayi mijina mun zauna har Allah ya karɓi abinsa, bai taɓa ganin na haɗiyi ko kurɓin fura ba. Uwarki ma haka ta yi. Ko yunwa za ta kayar da ke, kada ki ce kina jin ta. Kada mutanen Karaye su ce 'yarmu ba ta da kunya. Kin ji ni?"

"Na ji, Goggo."

"Ki ce wallahi."

Na ce wallahi. Me zai hana? A lokacin gani nake babu alƙawari mai sauƙi kamarsa.

Kuma a Karaye da sauƙin ya zo min. In na gama girki sai na jera masa kwanuka a ɗakinsa, na rufe da faifai, na durƙusa na ce a ci lafiya, na koma madafi na zauna bayan turmi na naɗa nawa tuwon son raina. Bai taɓa lura ba. Wane magidanci ne a lokacin yake tambayar inda matarsa take cin abinci?

Ba mu daɗe da biki ba wurin aikinsu suka tura shi taron noma a Darussalam ta ƙasar Tanzaniya. Ya dawo gida yana murmushi, ya ce ya haɗa da hutunsa, kuma ƙafarsa ƙafata. In an gama taro za mu tsallaka wani tsibiri da ake kira Zanzibar mu huta. Karaye ta ɗauka. Maƙwabciyata Talatu ta shigo tana tafa hannu, wai ita ta san ana zuwa Makka, ta san ana zuwa Ikko sayo kaya, amma a ɗauki mace a kai ta wata ƙasa don kawai ta kalli ruwa, ga dam ɗin Challawa nan kusa? Ni dai na zazzage akwatunan lefe. Na ɗauki atamfofina masu zanen ganye, leshi ruwan ƙwai, gyale mai ƙyalli, da wani takalmi mai tsini da ban taɓa iya taku uku da shi ba. Aka zana min baƙin lalle har gwiwar hannu. Goggo ba ta zo sallama ba, amma ta aiko da gwangwanin madarar gari babba, cike da dambun nama da dakuwa, an ɗaure bakinsa da tsumma. Tsohuwar ta san abin da take yi.

A Darussalam lafiya lau. Da safe ya fita taro, ni kuma a kawo min abinci ɗaki na ci na siɗe hannu. Da yamma in ya ce mu ci, sai na ce na riga shi, kuma gaskiya na faɗa.

Matsala ta fara ne da muka sauka daga jirgin ruwa a Zanzibar.

'Yan uwa, garin nan yana da kyau. Lungunansa sirara kamar na cikin birnin Kano, sai dai gidajen fararen benaye ne, da ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla manya. Ko'ina ka juya ƙamshin kanumfari, kamar an buɗe adakar tsohuwa. Mata cikin baƙaƙen mayafai, da lalle a hannu irin namu, in kun haɗa ido su ce salamu alaikum. Ladan na kiran salla daga nan, wani na amsawa daga can. Teku kuwa, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce kogi ba, na tsaya na rasa a ina ya ƙare sama ta fara. Masaukinmu ɗaki ɗaya ne a saman bene, gado mai rumfa da gidan sauro, taga tana kallon kwale-kwale masu filafilan zane. Ba madafi. Ba turmi. Kuma bawan Allahn nan ya rantse ba zai bar ni ni kaɗai ko na minti ɗaya ba, wai kada na ɓace a lungu. Ko masallaci bai cika fita ba, ya ce mu matafiya ne, a ɗaki yake jan mu salla.

Washegari da safe aka shirya mana karin kumallo a kan rufin bene. Shayi mai citta da kirfa, wani fanke mai kusurwa uku da aka kwaɓa da madarar kwakwa, gwanda, mangwaro jawur an yanka shi kamar fure. Ya ja min kujera da kansa.

"Bismillah, 'yar Fulani."

"Na ƙoshi."

"Kin ƙoshi da me? Jiya ma ba ki ci komai a jirgi ba."

"Ruwan ne ya juya min ciki."

Ya tausaya min, ya ce na sha ko shayi ne. Na ɗauki kofi na kai baki na tsaya, na ga idonsa a kaina, na mayar na ajiye. Shi kuwa ya ci nasa ya haɗa da nawa, yana ta santi, wai wannan fanke ko a biki bai taɓa cin irinsa ba. Ina kallon teku ina haɗiyar yawu.

Da rana haka, da yamma haka. Dabarata ɗaya ce, wanka. Da zarar ya shiga banɗaki na ji ruwa ya fara zuba, sai na yi wuf na jawo gwangwanin Goggo daga ƙasan akwati, na dinga dumbuzar dambu ina turawa, na kora da ruwan buta. Matsalar ita ce mijina ɗan makarantar kwana ne, wankansa bai fi a karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku ba. Har cewa na yi, "Malam, ai garin nan da gumi, ka riƙa cuɗawa sosai." Ya leƙo da kumfa a kunne yana min wani irin kallo.

A haka muka yi ta yawo. Ya kai ni gonar kayan ƙamshi, inda na ga masoro yana hawa bishiya kamar wake, na ga ashe kirfa ɓawon itace ce. Mai zagayawa da mu yana ta yanko 'ya'yan itatuwa yana miƙo min, ina karɓa ina ƙullewa a bakin gyale, wai sai na je gida. Ya saya min zannuwan matan garin masu rubutu a gefe, guda bibbiyu, ɗaya a ɗaura ɗaya a yafa. Ya kai ni wurin da ake kiɗansu mai goge da ganga, mata na zaune suna rausaya kai. Duk na ji daɗi, wallahi na ji. Amma duk inda muka bi akwai mai gasa wani abu, kuma hancina ba shi da kunya irin tawa.

Sai wata safiya ya shiga wanka, na buɗe gwangwani, na tarar da baƙi. Ƙananan tururuwa jajaye, dubbai, sun yi gari a cikin dambun Goggo har da unguwanni. Na zauna a bakin gado na riƙe gwangwani, hawaye na zuba. Haka ya fito ya same ni, da ƙyar na samu na tura shi ƙarƙashin gado da ƙafa.

Ya zauna kusa da ni ya ce, "Zaituna, kunyata kike ji? In ita ce ki faɗa min."

Ku ji fa. Ƙofa ce ya buɗe min har bango. Amma a gidanmu, ka ce kana jin kunya ma rashin kunya ne, don ka nuna kenan akwai abin da ranka yake so. Na sunkuyar da kai na ce, "A'a."

"To me ne ne?"

"Ba komai."

Tun daga ranar ya rage surutu. Shi ma ya fara barin rabin abincinsa a faranti.

Ranar Juma'a wani abokinsa da suka haɗu a taro, Hamisi, ɗan asalin tsibirin, ya gayyace mu cin abincin rana a gidansa bayan an sauko daga masallaci. Na sa leshina ruwan ƙwai, na kafa ɗauri, na shafa hoda don kada a ga yadda idona ya faɗa. A hanya jiri na ɗibata ina dafa bango, ina cewa ado nake kallo. A raina kuwa addu'a nake, Allah ka sa kada a haɗa mu faranti ɗaya a gaban mutane.

Muna shiga Allah ya amsa. Aka yi da maza ɗakin baƙi, ni kuma matar gidan, Bi Zuhura, wata mace mai jiki da fara'a, ta kama hannuna ta ja ni can tsakar gida inda mata suka baje a tabarma. Ashe su ma in da baƙi, maza daban mata daban. Na ji kamar na rungume ta.

Aka kawo wani faranti da sai mutum biyu sun kama. Shinkafa ce da suke kira filau, ta sha kanumfari da kirfa da nama, ga kifi a cikin miyar kwakwa, ga ayaba dafaffiya, ga wata halittar ruwa mai ƙafafu takwas da a ranar da nake ƙoshe ko da sanda ba zan taɓa ta ba. Na yi bismillah. Daga nan ban san abin da ya faru ba. Na dai san na cire zobe na ajiye, na tura gyale baya. Ba na jin yarensu, ba sa jin nawa, amma duk lomar da na kai sai su yi shewa su ƙaro min. Wata tsohuwa mai kama da Goggo sak, har tsagar goshi, ita ce ke tsince min ƙayar kifi tana turo min tsoka. Na ci mai ƙafa takwas ɗin nan, na nemi ƙari. Na kora da ruwan rake mai citta da lemun tsami. Aka kawo alewarsu mai maiƙo da gahawa, ban bar ta ba. Sai da na ji zanina ya matse ni sannan na jingina da bango ina godiya ga Allah.

Da za mu tafi, Bi Zuhura ta rako ni har ƙofa inda maza suke tsaye. Ta dafa kafaɗata tana zuba wa mijinta magana tana dariya, tana nuna faɗin faranti da hannu biyu. Hamisi ya juya wa mijina da Turanci, ni kuma ɗan Turancin da na tsinta a makaranta ya ishe ni na gane. Wai matarsa ta ce ba ta taɓa yin baƙuwa mai daɗin ciyarwa irina ba, ni kaɗai na tashi da rabin faranti, Allah ya sa wa cikina albarka.

Mijina ya yi murmushi ya yi godiya. Amma ni na san murmushinsa, wannan ba shi ba ne.

Daga nan muka fito bakin teku, wani fili mai bishiyoyi inda masu gashi suke fara hura gawayi da la'asar. Ya zauna a kan ginin da ya tare ruwa, ya nuna min gefensa. Na zauna nesa kaɗan.

"Ashe kina cin abinci," ya ce.

Na kawar da kai ina murza bakin gyale.

"Na ɗauka ciwo ne, har na fara tambayar Hamisi likita. Ashe lafiyarki ƙalau. Abincin kowa kina ci, nawa ne ba kya so." Ya cire hularsa yana juya ta a hannu. "Gobe da safe zan je a sauya mana tikiti. In mun sauka Kano, Fulatan zan wuce da ke, ba Karaye ba."

Na juyo da sauri. "Me na yi?"

"Ba ki yi komai ba. Na san yadda amarya take yi in ta gane ta yi kuskure, na gani a kan yayata Kande, ruwa kaɗai ta yi ta sha har aka raba auren. An faɗa min ranar biki Jibo ya kawo miki karsana, kika rungume wuyanta kina kuka. Na ce ba komai. Na kawo ki nan ne don na ga ko za ki sake da ni in babu kowa. To na gani. Ban auro ki don na tsare ki ba, Zaituna. In can zuciyarki take, ni da kaina zan ba mahaifinki haƙuri."

Karsanar nan fa jikar saniyar mahaifiyata ce, shi ya sa na yi kuka. Jibo kuwa ko a mafarki bai taɓa zuwar min ba. Ga mutumin da na tsaya a gaban dangi kaf na ce shi nake so, yana zaune yana shirin mayar da ni gida saboda loma. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na ga Goggo a idona, na ga wallahin da na yi, na kuma ga motar da za ta sauke ni a Fulatan da akwatunana.

Na ja gyale na rufe fuska gaba ɗaya, don ba zan iya faɗa ina ganinsa ba.

"Ba Jibo ba ne."

"To wane ne?"

"Goggo ce."

"Goggo kike so?"

"A'a! Ita ta sa na rantse. A gidanmu mace ba ta... ba ta ci a gaban..." Na kasa ƙarasawa, na nuna shi da yatsa ta ƙarƙashin gyale.

Na ji ya matso kusa da ni.

"Amma na tambaye ki ko kunya ce, kika ce a'a."

"Ai faɗin ma kunya ne."

"To duk kwanakin nan da me kike rayuwa?"

"Dambu. In ka shiga wanka." Na ja hanci. "Shi ma tururuwa sun cinye."

Na ji wani sauti, na ɗaga gefen gyale na leƙa. Ya kife kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa. Dariya yake har da buga ƙafa. "Shi ya sa aka ce na riƙa cuɗawa sosai!" Masu gashi suka juyo suna kallonmu. Ni haushi ma ya kama ni, na ce, "Ai ba abin dariya ba ne." Sai ya ɗago, na ga idonsa ya yi ja, dariyar ta tsaya cak.

"Ina zaune ina cin nawa ina haɗawa da naki," ya ce a hankali, "kina kallona."

Sai ya tashi. Na bi shi da ido har wurin wani mai gashi, na ga yana nuna wannan yana nuna wancan. Ya dawo da tsiren kifi mai zafi a kan takarda, da gurasarsu mai riɗi, da ɗanyar kwakwa an fasa mata kai. Ya ajiye a gefena. Ni da na ci rabin faranti ɗazu, wallahi yawuna ya sake tsinkewa, bashin kwanaki ne cikina yake bi.

Sai ya zagaya ya zauna, ya juya min baya, fuskarsa na kallon gari, bayansa ya jingina da kafaɗata.

"Rantsuwa kika yi kada na gani, ko? To ban gani ba. Ci abinki. Daga yau haka za mu riƙa yi, har ranar da kika gaji."

Na kalli ƙeyarsa, da ɗan gumin da ya tsatso a wuyan rigarsa. Mutumin da ya ƙetare ƙasashe da ni don ya ga fuskata a sake, ga shi ya zauna yana kallon bango don na ci kifi. Na gutsiri gurasa na haɗa da tsoka na kai baki. Ina tauna hawaye na sauka, kuma na san yana jin motsin muƙamuƙina a bayansa. Na yi loma ta biyu. A ta uku na ce a raina, Goggo ki yafe ni, kaffara kuwa zan yi azuminta, ai na riga na saba.

Na taɓa kafaɗarsa da yatsa mai maiƙo.

"Juyo."

Bai motsa ba. "Ki yi tunani dai, 'yar Fulani. In na juyo yau, na juyo kenan. Ba a nan kaɗai ba, har Karaye. Faranti ɗaya, tabarma ɗaya, ko da Goggo ce ta yi sallama a ƙofar gida. Kin yarda?"

Bakina a cike yake taf, ba halin magana. Sai na kama kunnensa na juyo da shi da kaina.